Ladan Masifar da Ba Ta Zo Ba

Ranar 10 ga Satumbar 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, wadda aka gina a shekarun 1980 don shayar da garin da noman rani, ta ɓalle. Ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa na jami'a. Shekara talatin kafin nan, a 1994, garin ya ga irin wannan ambaliya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne garin da ruwa ya shanye ya koma neman ruwan sha. Masai da kwatoci sun tumbatsa, ƙazantarsu ta gangara rijiyoyi. Haka kuma duk inda injin tura ruwa ya tsaya, ƙarfin ruwan cikin bututu yakan faɗi, sai gurɓataccen ruwan waje ya kutsa ta duk wata tsaga. Cikin watan Oktoba aka sanar da ɓarkewar kwalara a Borno.

Mun ga hotunan a wayoyinmu. Mun yaba wa masu kwalekwale da suka ceto tsofaffi, mun yaba wa masu raba abinci, kuma sun cancanta. To amma da a ce madatsar ba ta ɓalle ba saboda wani ya gyara ta tun da rani, wa za mu yaba wa? Babu. Ba za mu ma san sunansa ba.

Nan matsalar take. Shirin ko-ta-kwana na hukumar ruwa aiki ne marar armashi. A ajiye janareta da man da zai kai kwanaki. A adana alam da sinadarin kulorin inda ambaliya ba ta kaiwa. A san taswirar bututu, a san inda za a rufe idan wani sashe ya gurɓace. A rubuta wanda zai ba da umarni da tsakar dare, da asibitin da tankar farko za ta je, da saƙon da rediyo zai karanta cewa kowa ya tafasa ruwa. Sannan a riƙa atisaye duk shekara. Ba a yanka ƙyalle a kan ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa mai neman ƙuri'a ya fi son buɗe sabuwar rijiyar burtsatse.

Wani zai ce, ta yaya za a jibge kuɗi a kan abin da wataƙila ba zai faru ba, alhali akwai unguwannin da 'yan garuwa kaɗai suka sani? Maganarsa tana da nauyi. Sai dai idan masifar ta zo, waɗannan unguwannin ne suka fi ji a jika. Mai hali ya sayi ruwan roba ko ya bar gari. Talaka shi ke shan abin da ya samu. Ashe tanadin nan haƙƙin mai rauni ne.

Wani kuma zai ce ƙaddara ce. Haka ne, ba mu ja da ƙaddara. Amma Annabi Yusuf, da aka nuna masa shekaru bakwai na fari suna tafe, shawarar da ya bayar ita ce a tara hatsi tun a shekarun yalwa, kuma babu wanda ya ce tawakkalinsa ya ragu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma muna da namu kason. Mu ke zuba shara a magudanar ruwa, mu ke gini a kan hanyarsa, mu ke haƙa masai kusa da rijiya. Kuma mu ne ba ma tambayar hukuma komai sai gari ya cika.

Saboda haka tun rani bai wuce ba, mu tambayi hukumar ruwan garinmu: idan wuta ta ɗauke kwana uku, ko ruwa ya shiga matatar, wa zai yi me? Idan muka tarar da ma'aikacin da ke da amsa, mu gode masa. Wataƙila yaranmu suna raye ne saboda wata annoba da ya hana, ba mu taɓa jin labarinta ba.