Kerkecin da Muke Tsoro da Gafalar da Muka Saba da Ita

Duk shekara, da an rufe makarantu aka shiga hutun bazara, muhawara ɗaya ce ke dawowa tsakanin iyaye a nan Mahjar da unguwannin kudancin Jidda: shin a bar yaran daurar hutu su fita rihla, ko kuwa a tsaya ga hadda da tajwidi a cikin gini mai na'urar sanyaya ɗaki har hutu ya ƙare? Masu son fita suna ambaton tsohon gari na Balad, da bakin teku, da Ɗa'ifa. Masu ƙi suna cewa ɗa amana ne, ba a kuwa caca da amana. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma a ganina an ɗora tambayar a inda ba nan take ba.

Alƙur'ani ya riga mu kawo wannan mas'ala, kusan da siffarta ta yau. A farkon Suratu Yusuf 'yan'uwa sun zo wa mahaifinsu da buƙatar ya bar ƙaninsu ya bi su washegari ya ci ya yi wasa, suka yi alkawarin tsare shi. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ambaci baƙin cikin rabuwa, da kuma tsoron kada kerkeci ya cinye yaron alhali sun gafala. Abin lura shi ne kerkeci bai taɓa Yusufu ba. Cutar ta fito ne daga hannun waɗanda aka damƙa wa amanar, har ma suka ari abin da mahaifin ya ji tsoro suka mai da shi uzuri. Bayan shekaru, da aka zo neman Binyaminu, dattijon bai hana tafiya har abada ba, bai kuma sake ta hakanan ba. Ya karɓi alkawari mai nauyi da sunan Allah, ya keɓe halin da za a fi ƙarfinsu, ya ba su dabarar shiga gari ta ƙofofi daban-daban, sannan ya faɗa musu cewa dabararsa ba ta tunkuɗe hukuncin Allah. Wanda ya taɓa ƙonewa ya sake bari a tafi, amma da sharaɗi.

Mu ma muna da namu kerkecin. Wanda ya taso a Arewa ya zo nan da tabon Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disamban 2020, da Jangebe da Tegina a 2021, da Kuriga a 2024. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba na ganin laifin uwar da gabanta ke faɗuwa da ta ji an ce za a kwashi yara a mota. Sai dai wannan tsoro na wata ƙasa ne da wani yanayi. Abin da ke kashe yara a irin waɗannan fita ya fi wannan sauƙin kama, shi ya sa aka raina shi. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da za su Maulidi, sama da mutum ashirin suka rasu, kuma lodin da ya wuce kima na cikin abin da aka ɗora wa laifi. A Satumban 2022 a Wakra ta ƙasar Ƙatar an manta da yarinya 'yar shekara huɗu tana barci a motar makaranta, zafi ya yi ajalinta. Wata guda bayan haka irin wannan ya faru da yaro ɗan shekara biyar a Ƙaɗif, a gabashin wannan ƙasa. Babu ɗan bindiga a cikin waɗannan labarai. Akwai dai wanda bai ƙirga ba, da wanda bai taka zuwa kujerar baya ya leƙa ba.

A aikin injiniya an koya mana cewa gini ba ya faɗuwa saboda dalili guda. Ƙananan sakaci ne ke jeruwa, kowanne shi kaɗai ba ya kisa, har ranar da suka haɗu a layi ɗaya. Direba ya ɗauka malami ya ƙirga, malami ya ɗauka mataimakinsa ya ƙirga, mataimakin kuwa yana amsa waya. Kowa mutumin kirki ne, kowa ya yi sallar asuba, yaro kuma yana barci a baya. Shi ya sa nake jin nauyi idan aka tambayi mai shirya rihla yara nawa kowane babba zai riƙe, sai ya amsa da cewa Allah ne mai tsarewa. Maganar gaskiya ce, amma an sa ta a gurbin da ba nata ba. Wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da raƙumarsa, an umarce shi ya ɗaure ta tukuna. A garin da ma'aunin zafi ya taɓa kaiwa 52 a Yunin 2010, wanda kuma hukuma ke hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, ɗaure raƙuma yana nufin ruwan sha isasshe, da fita bayan la'asar, da jerin sunaye a takarda da ake kira a kowace hawa da sauka, da wanda ya iya iyo a tsaye bakin kududdufin istiraha, da dokar cewa babban mutum ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ko wane ne shi. Wannan ta ƙarshe ita ce muke jin kunyar faɗa, ita ce kuma ƙissar Yusufu ta fi nunawa.

Malaman fiƙihu sun rarrabe wannan tun da daɗewa. Hannun amana ba ya lamuni sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Wannan ƙa'ida rahama ce ga masu aikin sa kai, don ba a ɗora musu ƙaddarar da ta fi ƙarfinsu. Amma kaifinta biyu ne: ta ce akwai abin da ake kira sakaci, kuma ana tambaya a kansa. Takardar izinin da uba ke sa wa hannu tana iya kare ƙungiya a gaban hukuma, ba ta kuwa mai da sakaci ya zama ƙaddara. Shi ma uban, sa hannu bai sauke masa nauyin tambaya ba. Akwai al'adarmu ta ganin cewa bincikar malami raini ne. Annabi Yaƙubu 'ya'yan cikinsa ya sa suka yi rantsuwa.

To me zai hana a zauna kawai, a huta da duk wannan? Domin zaman ma yana da farashi, sai dai ba a buga shi a jarida. Yaro ya yi wata biyu tsakanin bango huɗu, daga waya sai talabijin, ya girma a gaɓar Bahar Maliya bai san ɗanɗanon ruwanta ba. Ya haddace Suratul Anfal bai taɓa tsayawa a Badar ba. Yana zaune a garin da Sayyidina Usmanu ya mai da shi tashar jiragen ruwan Makka, wanda UNESCO ta sa tsohon cikinsa a jerin kayan tarihi na duniya a 2014, amma bai taɓa ganin Gidan Nasif ko Masallacin Shafi'i ba. Kakanninmu sun ratso Chadi da Sudan a ƙafa, wasu shekaru da yawa a hanya, da goyo a baya, suka ƙetaro daga Sawakin. Har sunan unguwar tamu abin dubawa ne: a rubutun boko Mahjar ɗaya ce, amma a Larabci harafi guda ne ya raba wurin hijira da wurin killacewa, kuma tamu, kamar maƙwabciyarta Karantina, sunan killacewa take ɗauke da shi. Ba na so mu cika wa 'ya'yanmu ma'anar sunan.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan wuya, wanda ba a cika faɗarsa a taro ba. Ba duk yaran daura ne za su iya hawa motar ba. Tun Yulin 2017 aka sa kuɗin wata-wata a kan iyalan baƙi ma'aikata, ya fara daga riyal 100 ya kai 400 a kan kowane mutum. Mai mata da 'ya'ya huɗu yana neman riyal 24,000 a shekara kafin ya sabunta iƙama. Rushe unguwannin da aka fara a ƙarshen 2021, irin su Sabil da Kandara da Gulail da Bitrumin, ya watsa iyalai da dama, haya ta ƙaru musu. Saboda haka a aji ɗaya akwai ɗan likita mai takardu cikakku, da yaron da iƙamarsa ta ƙare bara, da wanda a nan aka haifi kakarsa amma ba shi da ko ɗaya. Rihla zuwa Ɗa'ifa ko Madina tana bi ta shingen bincike, jirgin ƙasa na Haramaini yana neman lambar shaida kafin tikiti, kuma dokar ƙasa tana hukunta mai ɗaukar wanda ba shi da izinin zama. Ba wanda zai ce ƙungiya ta karya doka, ko ta jefa direba da iyayen yaro cikin tarhil.

Wasu 'yan'uwa suna cewa ba adalci ba ne a hana yara talatin alheri saboda biyar. Hujjar tana da ƙarfi, don ba a gyara rashin wani da hana wani. Amma ina ganin sun auna abin da talatin za su samu, ba su auna abin da za su koya ba. Ranar da mota ta tashi, biyar suka tsaya a ƙofa, kowa ya san dalili ko ba a faɗa ba, kuma yara ba sa mantuwa. Mun yi mako shida muna karantar da su cewa muminai 'yan'uwan juna ne, sai mu rufe da darasin da ke nuna cewa 'yan'uwantakar tana tsayawa a shingen Shumaisi. Uba yana da ikon kai ɗansa Ɗa'ifa ranar Juma'a da motarsa, babu mai zarginsa. Abin da aka yi da sunan jama'a kuwa hukuncinsa daban ne, domin da kuɗin jama'a da sunanta aka tara yaran.

Ra'ayina shi ne rihlar daura ta kasance wadda mafi raunin yaran zai iya zuwa, a takardu da kuma a aljihu. Jidda ba ta rasa irin waɗannan wurare ba: Balad bayan la'asar, Kornish da magariba lokacin da ake ganin maɓuɓɓugar Sarki Fahad, ko istiraha a gefen gari da aka kama da kuɗin asusu. Kuɗin kuma a karɓe shi a rufe, yadda ba wanda zai san wa ya biya wa aka biya wa. Na san wannan zai rage wa rihlar armashi a idon wasu iyaye, watakila ma wasu su janye 'ya'yansu zuwa daurar da ke zuwa Madina a jirgi. Asara ce ta gaske, kuma kwamitin da ya zaɓi wannan hanya ya shirya jin ƙorafi daga waɗanda suka fi ba da gudummawa.