Alhakin Mai Sayar da Makami

A cikin kwana takwas kacal a watan Nuwamban 2014, Potiskum ta ga fuska biyu na yaƙi. Ranar 3 ga wata ɗan ƙunar baƙin wake ya tada bam cikin masu jerin gwanon Ashura. Ranar 10 ga wata wani ya shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati sanye da kayan makaranta, ya hallaka ɗalibai fiye da 40 suna tsaye a filin taron safe. Tsakanin waɗannan biyu kuwa, kafafen labarai sun ruwaito cewa sojoji sun kama mutum 16 a unguwar Dogo Tebo, daga baya aka ga gawarwakinsu da raunin harsashi. A wannan watan ne jakadan Najeriya a Amurka, Adebowale Adefuye, ya koka a fili cewa Amurka ta ƙi sayar wa ƙasarsa makaman da za ta murƙushe Boko Haram. A shekarar ce kuma Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra.

Tambayar da ta taso tun lokacin har yau ba ta kwanta ba: shin daidai ne 'yan majalisar wata ƙasa su ɗaure hannun gwamnatinsu, su hana ta miƙa wa ƙawarta makami alhali ƙawar tana tsakiyar yaƙi? Dokar da aka fi ambata ita ce ta Sanata Patrick Leahy na Amurka, wadda ta fara aiki a 1997, ta haramta tallafa wa duk rundunar da aka sami sahihiyar shaida cewa ta tafka mummunan zalunci kan jama'a. Ni ina ganin asalin wannan ƙa'ida daidai ne, kuma Musulmi ya fi kowa cancantar gane haka. Aya ta biyu a Suratul Ma'ida ta umarci taimakekeniya kan alheri, ta hana ta kan saɓo da ƙetare iyaka. A kan haka malaman Malikiyya suka gina hukuncin toshe kafar ɓarna, suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, da sayar da makami ga wanda aka san zai zubar da jinin da bai halatta ba. Ciniki a Musulunci bai ƙare a karɓar kuɗi ba, mai sayarwa yana da rabonsa cikin abin da ya san za a aikata. Wasiyyar da Sayyadina Abubakar ya yi wa rundunar Sham, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta hana kashe mata da yara da tsofaffi, kuma rundunar Musulmi ya ja wa wannan kunne, ba abokan gaba ba.

Hujjar masu suka tana da nauyi, ba na raina ta. A watan Yulin 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a Washington cewa yadda ake aiki da dokar Leahy ya zama taimako ga Boko Haram. Uban da ya binne ɗansa daga waccan makaranta yana da haƙƙin tambaya: da an ba sojoji kayan aiki, da ba a kai ga haka ba? Sai dai jirgin yaƙi ba ya tare yaron da ya ɗaura bam a ƙarƙashin riga. Bayanan sirri ne ke tare shi, su kuwa daga bakin mutanen unguwa suke fitowa, kuma wanda ya ga an kwashi maƙwabtansa ba su dawo ba, ba zai kai wa soja labari ba. Sannan binciken da aka yi kan dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai da suka bi ta ofishin Sambo Dasuki, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a lokacin, ya nuna cewa ƙarancin makami a fagen daga ba daga ƙetare kaɗai ya samo asali ba.

Abin da masu jinkirin sayar da makaman ke tsoro ma ya faru. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, sama da mutum 100 suka mutu, gwamnatin Obama ta dakatar da cinikin jiragen Super Tucano 12. Trump ya amince da shi, jiragen suka fara isowa a Yulin 2021. A Satumban shekarar, a nan Yobe, wani jirgin ya yi ɓarin wuta a ƙauyen Buhari da ke Yunusari, aka fara da musantawa kafin a amsa. Sai Tudun Biri a Kaduna, Disamban 2023, inda jirgi maras matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a taron Maulidi.

Suka ta biyu ita ce son kai, kuma gaskiya ce. Majalisar Amurka ta kaɗa ƙuri'ar tsayar da makaman Saudiyya a 2019 saboda yaƙin Yaman, Trump ya hau kujerar na-ƙi. Bama-baman da suka rushe Gaza ba su gamu da shingen da aka gitta wa Najeriya ba. Amma idan mai awo ya tauye mudu ga wani ya cika wa wani, laifin mai awo ne, ba a fasa mudun. Abin da adalci ke nema shi ne a yi wa kowa awo ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne sai sanatocin wata ƙasa ne ke tambayar yadda aka yi da ran talakan Yobe da Borno kafin a saki makami. Majalisar Tarayya ce ke amincewa da kasafin tsaro duk shekara. Ya kamata wakilan Yobe a Abuja su gabatar da ƙudurin da zai wajabta bincike a fili, da hukunta mai laifi, da biyan diyya, duk lokacin da makamin gwamnati ya kashe farar hula, kafin a sake fitar da kuɗin sayen wani.