Ɗana Maƙeri, Kada Ka Karɓi Wannan Gyaran

Ɗana, Allah ya yi wa hannunka albarka, kuma ƙasar Yauri ta fara sani. Daga Yelwa har Wara ana kawo maka injin ban-ruwa da ya ƙi tashi da farfelar jirgi da ta karye, ka juya su ka duba, kafin la'asar mai kaya ya tafi yana sa maka albarka. Ina murna da wannan, amma shi ne kuma yake hana ni barci. Duk maƙeri ko mai walda da sunansa ya fita a wannan zamani, akwai wani baƙo da zai sallama masa, ko ba daɗe ko ba jima.

Ba ya zuwa da rana. Sai bayan magariba, yara sun watse, wutar maƙera ta fara lafawa. Zai gaishe ka da ladabi, ya ambaci sunan wani da ka sani, ya ce shi ya yi masa kwatance. Sannan ya sa hannu cikin tsohon buhun shinkafa ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Ƙaramar bindiga ce, irin wadda ake ɗura wa harsasai ta gindi. Zai ce maka tana cijewa, ko ba ta tofar da kwanso, ko kunamarta ta saki. Ba zai yi ciniki ba. Abin da ka faɗa shi zai ƙirga maka, har ya ɗora wani abu a kai, kuɗin da sai ka yi wata guda kana ƙera fartanya ba ka tara shi ba. A wannan lokaci nake so ka tuna da ni. Kada ka warware tsumman. Ka ce masa ba aikinka ba ne, ka miƙe ka kama rufe maƙera.

Na san abin da zuciyarka za ta raya maka: ai ƙirar bindiga gado ce. Gaskiya ne, kuma ba na so ka ji kunyar gadonka. A 1830, lokacin da Richard Lander da ƙaninsa John suka sauka a Birnin Yauri suna neman labarin Mungo Park, sun rubuta cewa mutanen birnin suna haɗa albarushi da kansu, ban da sirdi da saƙa. Kakanninka sun ƙera adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, a harba sau ɗaya a sake ɗuri. Da ita maharba suka kori gwanki da gyado daga gonaki, da ita ake buga wa sarki a hawan salla. Amma ka lura da yadda suke yi. Maƙerin wancan zamani ya san maharbin da ya yi wa bindiga, ya san ubansa, ya san dajin da yake shiga. Sarkin Maƙera ya san abin da ke fita daga kowace maƙera, in kuma aka yi ɓarna da ita ya san ƙofar da zai buga. Baƙonka na dare ba ka san ko sunansa na gaskiya ba.

Sannan abin da ke cikin tsumman nan ba ɗan'uwan adaka ba ne. Ƙaramar bindiga mai ɗura kanta, irin wadda John Browning ya ƙera sojojin Amurka suka ɗauka a 1911, tana aiki ne da ƙarfin harbin da ta yi: shi ke tura samanta baya, ya fitar da kwanso, ya ɗauko harsashi na gaba, duk kafin ƙiftawar ido. Sassanta sai sun zauna da juna a awon da bai kai kaurin gashin kai ba, kuma ƙarfen na musamman ne, an dafa shi an gwada shi. Kamfanin Beretta na Italiya tun 1526 yake wannan sana'a, amma har yau ba ya sakin bindiga kasuwa sai an jarraba ta. A Ingila akwai gidan gwajin bindigogi a Birmingham tun 1813, aikinsa shi ne a harba kowace bindiga da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi, a cikin ɗaki mai kauri, in ta jure a buga mata hatimi. Mutanen da suka gwanance a abin ke nan, ba su yarda da idonsu ba sai sun gwada. Kai da magagari da bututun famfo da guntun sifirin na mota, a ina za ka gwada? A hannun mutum za a gwada, kuma sau da yawa hannun mai gyaran ne na farko. Duk wanda ya tashi a karkararmu ya taɓa gaisawa da tsohon maharbi ya ji hannun babu yatsu biyu ko uku, ko ya ga gefen fuskarsa da ɗigo-ɗigon baƙin albarushi da ya shige cikin fata bai fita ba har tsufa. Wannan fa adaka ce ta fashe, wadda ƙarfinta bai kama ƙafar harsashin zamani ba.

Ka kuma san matsayinka a gaban hukuma, domin rashin sani ba ya fid da mutum a kotu. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Adaka da ire-irenta masu ɗuri ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Bindigar farauta ta zamani, wannan sai Sufeto Janar. Ƙaramar bindiga kuwa, ko mai ɗura kanta ko libarba, tana cikin kashin haramtattun makamai, tare da bindigogin soja da gurneti, kuma babu mai riƙe ta sai da iznin Shugaban Ƙasa. Ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta ba tare da izni ba laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa ba ya gaza shekara 10 a gidan yari. Ko adakar ma dokar ba ta bar ƙirarta da gyaranta sakaka ba, sai da takarda. Ranar da aka kama baƙon nan, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ke yi masa gyara, kuma ba zai sha duka saboda kai ba. Ka lissafa shekara 10 a kan shekarunka, ka lissafa ta a kan shekarun mahaifiyarka.

Duk wannan tsoron kai ne. Abin da ya fi damuna shi ne inda bindigar za ta bayan ta bar hannunka.

Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka, suka kwashe ɗalibai da malamai suka yi daji da su. Ba labari aka ba ka ba, a ƙasarku aka yi. An yi ta sako yaran kashi-kashi, amma 'yan mata 11 suka rage a hannunsu, na ƙarshensu ba su ga gida ba sai a 2023, bayan kusan shekara biyu. Ka ga iyayen nan da idonka, ka ga yadda suka rame suna bin ofis-ofis, suna neman taimakon jama'a. Za ka ce ai waɗancan manyan bindigogi suka riƙe, ƙirar waje, ba ƙirar maƙera ba. Haka ne. Sai dai bindiga ƙarfe ce, tana tsatsa, tana cijewa, sassanta suna ci. Wanda ke zaune a daji ba shi da kamfanin da zai mayar wa in ta lalace. Abin da yake da shi shi ne wani mai hannu a cikin gari, wanda ya ce shi dai gyara kawai yake yi, ba ruwansa. Ƙananan kuma su ne na masu kai musu labari da masu karɓo kuɗin fansa da masu tare hanyar 'yan kasuwa ranar da aka sayar da albasa, saboda suna ɓuya a ƙarƙashin riga. Bindigar da ta cije a hannun azzalumi rahama ce ga wani bawan Allah da ba ka sani ba. In ka gyara ta, kai ka janye masa wannan rahamar. Malamanmu sun daɗe da yin bayani cewa bai halatta a sayar da makami a lokacin fitina ba, ko ga wanda ake zaton zai yi ɓarna da shi, kuma mai taimakon zalunci yana da kamasho a cikin zunubin. Ka tambayi limaminku ya ƙara maka.

Akwai hujja guda da ba na raina ta. Wani zai zo maka ba da dare ba, ka san shi, ka san an kashe masa ɗan'uwa an kore masa shanu, ya ce shi ɗan sa-kai ne, kare ƙauyensu yake. Mutumin da aka bari shi kaɗai da ɓarayin daji ba a yi masa wa'azi da sauƙin baki, kuma hukumar da ta kasa tsare shi tana da nata alhakin a gaban Allah. Duk da haka amsarka kada ta sauya. In aikin tsaron gari ne na gaskiya, yana da shugabanni, hakimi ya san da shi, 'yan sanda sun san da shi, to ta wannan ƙofa za a bi, da rana, da takarda. Bindiga ba ta zama a hannu ɗaya. Ana ara, ana sayarwa, ana ƙwacewa a fagen fama, mai ita yana mutuwa ta faɗa hannun ɗansa mai zafin kai. Wadda ka gyara don tsaron ƙauye bana, baɗi ana iya juyo da bakinta kan ƙauyen.

In kuwa son aikin ne ya kama ka, irin son da ke sa mai hannu ya kasa barci sai ya gane yadda abu ke motsi, ba zan ce ka kashe shi ba. Yana da ƙofar halal. Masana'antar ƙera makamai ta ƙasa, DICON, tana Kaduna tun 1964. Rundunar soja tana da sashen injiniyoyi masu kula da makamai, ana shiga ta Defo na Zariya a koya maka aikin da albashi. Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi tana koyar da aikin injiniya. Ka nemi takardarka ka bi layi kamar kowa.

Ko ba ka je ko'ina ba, aikin da ke jiran hannunka a nan ya fi ƙarfinka. Tun da aka datse Kainji a 1968 ruwa ya ci tsibirai aka tashi Gungawa zuwa tudu, rayuwar ƙasar nan ta rataya a kan tafki da noman rani. Mako uku kacal kafin abin da ya faru a makarantar Birnin Yauri, jirgi ya dare da mutane a kusa da Wara, aka yi ta tsamo gawarwaki kwana da kwanaki. Jiragen nan suna bukatar mai gyaran da ba ya ha'inci, wanda zai ce wa mai jirgi wannan ba ya ɗaukar kaya sai an sake masa ƙasa. Manoman albasa da shinkafa na Shanga da Ngaski suna bukatar mai tayar musu da injin ban-ruwa, mata suna bukatar injin niƙa da na casa, Sarkawa suna bukatar ƙugiya da zago.

To, ɗana, in baƙon nan ya riga ya zo, in akwai wani abu a naɗe a bayan gawayinka yanzu haka, kada ka jefa shi a kogi, kada kuma ka jira mai shi ya dawo. Gobe da safe ka sami Sarkin Maƙera ko mai unguwarku ka gaya masa gaskiya, ku je wurin hakimi tare, shi ya raka ku ga 'yan sanda a miƙa shi da shaidu. Ka gaya wa yaran da ke koyon aiki a hannunka abin da na gaya maka, tun kafin wani ya kira ɗayansu gefe.