Wa ya nuna wa tsuntsu inda zai sa ƙofa?

A Sabon Birni da Isa hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Magini ya san haka, shi ya sa yake ƙara wa bangon gabas yaɓe. Tsuntsun gado da ke saƙa a bakin gulbin Rima bai yi zaman koyo wurin kowa ba, amma sai ya rataya sheƙarsa a ƙarshen siririn reshe, sau da yawa bisa ruwa, ƙofar tana kallon ƙasa. Ruwan sama ya zuba ya gangare, maciji kuma ya sha wuya kafin ya kai ga ƙwai. Wasu na ganin da zarar an ce iska da ruwa ne suka tsara wannan, an kore ilhamin Ubangiji. Ban yarda ba.

Hujjata tana Arizona ta Amurka, inda wani ɗan tsuntsu ke sheƙa cikin ƙaya. Binciken Ricklefs da Hainsworth na 1969 ya nuna cewa a farkon lokacin ƙyanƙyasa yana kawar da ƙofarsa daga iska mai sanyi, in zafi ya kama kuma sai ya fuskantar da ita ga iskar. Ashe abin da aka dasa masa ba umarnin "kalli gabas" ba ne, iya karanta yanayi ne. Suratun Nahli ta yi maganar ilhami ga ƙudan zuma kan wurin zama, ba ta ce ilhamin yana aiki ba tare da sababi ba.

Mai ja zai ce zaɓin halitta ya wadatar: wanda ya sa ƙofa a bakin hadari ya rasa 'ya'ya, irinsa ya ƙare. Wannan bayani ne mai ƙarfi, kuma ya faɗi yadda abin ke gudana. Bai faɗi dalilin da ya sa iska take da ƙa'idar da za a iya dogara da ita ba. Malaman tauhidinmu sun kira wannan ƙa'ida al'adar da Allah ya gudanar. Sheƙa kan faɗi, ƙwarai kuwa. Guguwa kan zubar da ta shamuwa a tsakiyar gari. Ilhami bai taɓa zama alkawarin tsira ba. Wanda ya auna iska da wanda ya ce ilhami ne, duk gaskiya suka faɗa.