Mai Bi Da Rumbunsa

Akwai wata tambaya da ta kan taso mana kowace shekara a nan Dugabau da ƙauyukan da ke tsakanin Kabo da Gwarzo, amma ba mu cika kawo ta a fili ba, gama tana da nauyi a baki. Ga ta: ko daidai ne mai bi ya tara hatsi da kaka, ya rufe rumbu, ya jira sai ya yi tsada sa'an nan ya sayar? Muna so mu duba ta tare. Mu da mu ke wannan rubutu ma muna da rumbu, maganar kuwa ta taɓa mu kafin ta iso gare ku.

Kowa ya san yadda shekara ta ke tafiya a ƙasarmu. Da kaka hatsi ya kan yi araha, domin kowa yana da shi, kowa kuma yana neman kuɗi. Ga bashin taki, ga kuɗin makarantar yara, ga auren da aka ɗaga tun bara, ga Kirsimati ya matso. Mai ƙaramar gona ya kan ɗora buhu a babur ya kai kasuwar Gwarzo ko Getso, ya sayar yadda aka taya. Motoci su kwashe su nufi Dawanau. Rani ya wuce, bazara ta wuce, a yi shuka. Kafin gero ya nuna, cikin watan Yuli da Agusta, ga marka ana ta yi, sai rumbunsa ya yi fayau. Ya koma kasuwa ya sayi dawa irin wadda ya sayar, da tsada. In ba shi da kuɗi, ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta, gama lokacin maimai ke nan. Da kaka ya sami kaɗan, ya sake sayarwa da wuri. Haka a ke zama matalauci a ƙauye, ba lalle da ragwanci ba.

To, a ƙauyen nan kuma akwai wanda bai sayar ba, har ma ya sayi na waɗansu ya ƙara. Sau da yawa su biyun benci ɗaya su ke zama ran Lahadi.

Sai mu fara faɗin gaskiya a kan mai ajiya, don kada a zalunce shi. Ajiya ba zunubi ba ce. Da kowa ya sayar da nasa da kaka, da ba a sami ko tiya ɗaya a ƙauye da marka ba, sai an biya kuɗin mota an dawo da shi daga birni. Mai ajiya yana shan wahala kuma: ƙwari suna ci, ɓera yana ci, ɓarawo yana hange, kuɗinsa yana kwance wata bakwai ko takwas. Ba kullum ya ke cin riba ba. Waɗanda suka tara hatsi da tsada suna jiran ya ƙara hawa, da farashi ya faɗi a 2025, da yawa sun yi hasara. Iyayenmu ma sun koya mana ajiya da hawaye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, a 1913 ruwa ya ƙi, a 1914 yunwa ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Kano. Tsofaffinmu kuma sun ga farin 1973 da idonsu. Wanda ya ji waɗannan ba ya wasa da rumbu.

Saboda haka in aka yi wa mai ajiya magana, ya kan ce, "Ai Yusufu ma ya tara hatsi a Masar." Gaskiya ne. Amma mu karanta labarin har ƙarshe. Cikin Farawa sura 41, Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a shekaru bakwai na ƙoshi, da yunwa ta zo ya buɗe rumbuna. Abin da ya sa ya tara ke nan, domin a buɗe ran da mutane su ke bukata. Sa'an nan mu juya zuwa sura 47, wadda ba a cika yin wa'azi a kanta ba. Can Masarawa suka ba da kuɗinsu har ya ƙare, suka ba da dabbobinsu, daga baya suka ba da gonakinsu da kansu ga Fir'auna domin abinci. An ceci rayukansu, sun kuma gode, amma sun tashi ba su da ƙasa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san gonakin da aka jinginar da damina saboda buhu biyu, har yau ba su koma hannun masu su ba. Wanda ya ke son fakewa da Yusufu sai ya tambayi kansa wace sura ya ke bi.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu da labari kaɗai ba. Karin Magana 11:26 ta ajiye mutum biyu gefe da gefe, mai hana hatsi da mai fito da shi ya sayar, ta ɗora la'anar jama'a a kan na farin, albarka a kan na biyun. Ku lura, ba a ce sai ya bayar kyauta ba. Sayarwa kaɗai, a lokacin da a ke nema, an lissafta ta alheri. Littafin Firistoci sura 25 kuwa ya hana a ci riba a kan abincin da aka ranta wa ɗan'uwa da ya talauce. Mu kuma muna da al'adar nan ta ba da dami ɗaya da damina a karɓi biyu da kaka, har mun saba da ita ba ma jin nauyinta.

Amma abin da ya fi ba mu tsoro ba ya cikin kasuwa, yana cikin addu'a. Ran Lahadi mu kan tashi tsaye dukanmu mu roƙi Ubangiji ruwa mai albarka da damina mai kyau. Mutumin da ya ke da buhu talatin a ɗaki yana jiran tsada, me zuciyarsa ta ke cewa sa'ad da bakinsa ya ce Amin? In ruwa ya ɗauke kwana ashirin, shuka ta fara yaushi, aka ce tiya ta ƙara kuɗi a kasuwa, wani ɗan daɗi ya kan ratsa shi. Ba zai faɗa wa kowa ba, watakila ko kansa ba zai faɗa wa ba. Mun san wannan daɗin, gama mun taɓa jinsa, mun kuwa ji kunya. Ashe mutum yana iya tara hatsi har ya wayi gari ribarsa ta koma gefe ɗaya da yunwar maƙwabcinsa. Annabi Amos ya ga irin wannan a Isra'ila: cikin sura 8 ya yi magana a kan 'yan kasuwa masu zaman sujada suna ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma awo, su rage mudu su ƙara kuɗi. Ba su fasa zuwa sujada ba. Hankalinsu ne ya riga su zuwa kasuwa.

A nan ne mu ke ganin iyaka. Tambayar ita ce me mutum ya ke jira. Wanda ya ajiye domin iyalinsa su kai sabuwar kaka, da iri, da abin kashe wutar rashin lafiya, ya yi hankali. Wanda ya ajiye rara domin ya sayar da damina ya sami ladan wahalarsa, ciniki ya yi, ba mu ga laifinsa ba. Amma wanda maƙwabci ya zo ƙofarsa da kuɗi a hannu, ko da kwano a hannu, ya ce, "Yaya, yara ba su ci ba tun jiya sai kwaɗon rama," shi kuwa ya amsa, "Wallahi nima saura kaɗan," alhali yana jiran mai mota daga birni sati mai zuwa, wannan ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Ya kuma haɗa da ƙarya.

Cikin Fabrairu 2024, bayan an janye tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe waɗansu manyan ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau, tana zargin ana ɓoye abinci. 'Yan kasuwar suka musa. Mu a ƙauye muka yi ta magana a kan manyan birni da rashin tausayinsu. Amma hukuma ba ta zuwa ta leƙa rumbun da ke bayan ɗakinmu. Wannan tsakaninmu ne da Ubangiji, da maƙwabcin da ya san sarai abin da ke ciki, gama shi ya taya mu ɗaure damman.

Yanzu ga wuyar maganar. Wani dattijo ya ce mana, "'Ya'yana, in na ranta tiya goma a Agusta aka biya ni tiya goma a Nuwamba, ai an cuce ni. Ta Agusta ta fi ta Nuwamba daraja nesa ba kusa ba." Muka ce, "Baba, gaskiyarka." Lissafinsa daidai ne, ba za mu ruɗe shi da cewa ba hasara a ciki ba. Akwai hasara. Ba za mu kuma yi masa alkawari Allah zai mayar masa da ninki biyu a gona ba, gama ba a ba mu wannan alkawari mu rarraba ba. Abin da mu ke iya cewa shi ne, bin Yesu yana da tsada, ga manomi kuma a nan ne tsadar ta kan fito, ba a wani wuri mai nisa ba. Da yawa cikinmu ba za a taɓa kai mu gaban mahukunta saboda sunan Ubangiji ba. Amma kowace damina a kan kai mu gaban rumbu.

Ba kuwa cewa mu ke yi mutum ya buɗe duka ya bar gidansa da yunwa ba. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Shawararmu ita ce a yanke maganar tun da kaka, zuciya tana sake. Sa'ad da a ke zuba hatsi, maigida da uwargida su zauna su ware: wannan na ci, wannan na iri, wannan na sayarwa, wannan kuma na ranar da za a ƙwanƙwasa ƙofa. In an jira sai Agusta, tiya tana hawa kowace kasuwa, hannu ba ya buɗuwa. Uwargida kuwa kada a bar ta a baya cikin shawarar, domin mata su ne su kan fara sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Mai karɓa ma yana da nasa. Mun ga waɗanda aka ranta musu tiya da tiya, da kaka ta yi suka fara biyan mai dami biyu saboda suna tsoronsa, ɗan'uwa mai bi kuwa suka ce ai na gida ne, zai yi haƙuri. Baɗi ya rufe rumbunsa, wa zai ga laifinsa? Wanda ya yi haka ba shi kaɗai ya cuta ba, ya rufe ƙofar ga na bayansa.

Wa ya cancanci a buɗe masa? Waɗansu sun ce 'yan ekklesiya kaɗai. Mu ba mu ga haka ba. Wajen shekara ta 369 aka yi yunwa a Kaisariya ta Kafadokiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Basil, tun bai zama bishop ba, ya yi ta fama da masu rumbuna har suka buɗe, ya sayar da nasa gādo ya sayi abinci, aka girka manyan tukwane, aka ciyar da 'ya'yan Kirista da na Yahudawa baki ɗaya. Mu a nan muna zaune tsakiyar Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, waɗansu ma kaka ɗaya. Malamansu suna hana ɓoye abinci don neman tsada, suna kuma fitar da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma. Sun san abin da ya kamata. Ba su shiga majami'armu su ji wa'azi, amma suna ganin ranar da mu ke buɗe rumbu da kuɗin da mu ke yankawa.

Saura abu ɗaya da mu kanmu ba mu gama daidaitawa ba, shi ne hatsin ekklesiya. Da kaka masu bi su kan kawo ushirinsu da baikon godiya, dawa da masara da gero. A wurare da dama dattawa su kan ajiye shi sai ya yi tsada, a sayar a biya mai bishara, a sayi kwanon rufi. Mai bishara yana da iyali, albashinsa ba ya isa, ɗakin sujada kuma yana yoyo. Duk gaskiya ne. Amma mun taɓa ganin an ɗora buhunan ekklesiya a mota cikin Agusta, wata gwauruwa mai bi tana tsaye bakin hanya tana kallo, hatsin da ta kawo da hannunta yana ciki. Ba ta ce kome ba. Ta gaishe mu, ta ce, "Sannunku da aiki, Baba," ta wuce.

Mun sa maganar cikin abin da za a tattauna a taron dattawa kafin a fara yankan gero, ko za a riƙa ware kashi ɗaya a sayar wa na gida a kan kuɗin kaka, da yadda za a cike wa mai bishara abin da zai ragu. Ikilisiyoyin da suka riga suka gwada wata hanya, muna roƙo su rubuto su gaya mana yadda ta kaya.