Kulorin na Gari da na Ruwa a Ma'aunin Fiƙihu

Sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta yana zuwa kasuwa iri-iri, ciki har da na gari da na ruwa, kuma kowanne yakan bar alamarsa a ruwan da ya shiga. Daga wannan alama tambayar fiƙihu ta taso: ruwan da warinsa ko ɗanɗanonsa ya sauya saboda magani, ana alwala da wankan janaba da shi? Tambayar ta shafi mai kwamin ninƙaya a gidansa a GRA ta Maiduguri, ta kuma shafi mai sayen jarka a hannun mai kura a Gwange ko Bulumkutu, domin maganin ɗaya ne, awon ne ya bambanta.

Na gari, wanda aka fi sani da HTH, fari ne tsaki-tsaki, da farar ƙasa ake haɗa shi, kuma ƙarfinsa ya kai kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Na ruwa daga gishiri ake samo shi ta hanyar lantarki. Wanda ake yi don kwami yana da kashi 10 zuwa 12, na wanki irin su Hypo da Jik kuwa bai kai haka ba. Kwami mai cin lita 50,000, in ana so a ɗaga maganinsa da miligiram 1 a kowace lita, giram 75 na gari ya ishe shi, alhali na ruwa sai an zuba kusan rabin lita. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, na ruwa yakan salance a ajiye cikin makonni, na gari kuwa in an rufe shi a inuwa yana daɗewa. Amma na gari yana da aibinsa. In aka dama shi a bokiti, farar laka takan kwanta a gindi, in kuma aka watsa shi kai tsaye da yawa, ruwan kwamin yakan yi hazo-hazo kamar an ɗiga masa nono. Wato na ruwa wari da ɗanɗano yake taɓawa, na gari har da launi.

Waɗannan siffofi uku su ne ma'aunin Malikiyya, mazhabar da Borno ke kai tun zamanin sarakunan Sefawa. Ɗalibin da ya karanta Ishmawi ko Risalar Ibn Abi Zaid ya san rabon. Ruwan da bai sauya ba mai tsarki ne mai tsarkakewa. Wanda najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari, ba ibada ba al'ada. Wanda abu mai tsarki ya sauya, kamar nono ko sabulu, ana sha ana girki da shi, amma ba ya kauda kari. In da a nan maganar ta tsaya, da ruwan famfo mai warin magani ya faɗa kashi na uku.

Sai dai malaman mazhabar sun yi togaciya. Sauyin da ya zo daga mazaunin ruwa, kamar taɓo da gansakuka da ƙasa mai gishiri, ba ya cutarwa. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya ƙara da ƙasar da aka zuba da gangan, da kuma warin kwaltar itace da matafiyi ke shafa wa salkarsa, masu sharhi suka haɗa da abin da aka jeme salkar da shi. A kan gishirin da aka zuba da gangan aka yi saɓani mai daɗin nazari. Ibn Abi Zaid ya ɗauke shi kamar ƙasa, Alƙabisi ya ɗauke shi kamar abinci, Albaji ya raba: na haƙa kamar ƙasa yake, na dafawa kamar abinci. Akwai sha'awar a jingina kulorin ga wannan mas'ala, tunda asalin na ruwa gishiri ne, na gari kuma yana ɗauke da farar ƙasa. Jinginar ba ta da ƙwari. Abin da ya fito daga masana'anta ya bar kamanninsa na farko, ba mai lasarsa ya ce gishiri ne. Salkar matafiyi ta fi kusa: abu ne da aka sa da gangan don gyaran ruwan kansa, wanda barinsa ke jawo ɓarna, kuma gudunsa ke da wuya. A kan irin wannan dalili Shehu Ibn Baz, wanda ya rasu a 1999, ya yi fatawa cewa maganin da aka sa don kare lafiyar mutane ba ya ɓata ruwa muddin ana kiransa ruwa. Hanafiyya tun asali ba su da damuwa da wannan, matuƙar ruwan bai yi kauri ba, bai kuma sake suna ba.

Rangwamen yana da iyaka, kuma awo ne iyakarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu ragowar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a litar ruwan sha, kada kuma ya wuce 5. Kwamin ninƙaya yakan zauna tsakanin 1 da 3. Wannan duka ruwa ne. Bokitin da aka dama giram 15 na HTH a lita guda kuwa magani ne, ba a alwala da shi. Kwamin da aka antaya wa gari har ya yi fari, abin da ya fi shi ne a jira ya washe, wanda dama shi ne umarnin masu kula da lafiya. Na ruwa ma yana da tarko: wasu nau'o'in na wanki ana sa musu turare ko sabulu, kuma waɗannan ba don gyaran ruwa aka sa su ba, don haka in suka bayyana a ruwan, hukuncin sabulu ya hau kansa.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Yara sukan yi fitsari a kwami. A Malikiyya ruwa ba ya zama najasa sai ya sauya, Shafi'iyya kuma sun yi iyaka da ƙulla biyu, kimanin lita 200, wanda kowane kwami ya ninka sau da yawa. To amma wari mai hawa kai da ke sa ido ja, wanda mutane ke ce wa warin kulorin, yawanci ba na kulorin zalla ba ne, yana fitowa ne in maganin ya gamu da zufa da fitsari. Warin magani ne ke nan, ko na najasa? Ana iya cewa sabon abu ne da ya rikiɗe, kamar giyar da ta zama tsami da kanta ta tsarkaka. Hujja ce mai ƙarfi, kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta yanke a Makka a 1989 cewa ruwan ƙazanta da aka tace har alamar najasa ta gushe ya koma mai tsarkakewa. Duk da haka, kwamin da warinsa ya yi tsanani yana shaida cewa ƙazanta ta yi yawa a ciki, kuma mai buta a kusa ba shi da dalilin ɗibar alwala daga nan.

Ƙarƙashin duk wannan akwai bambancin tsarki da tsabta, kalmomi biyu da baki ke haɗawa amma hukunci ke rabawa. Fiƙihu da ido da harshe da hanci yake auna ruwa, ƙwayar kwalara kuwa ba ta da launi balle wari. Ruwa garai-garai yana iya cika sharaɗin alwala ya kuma kwantar da gida guda. Maiduguri ta ga haka a Agustan 2017, lokacin da amai da gudawa ya ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage, ta sake gani bayan madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya bi masai da maƙabarta ya shiga rijiyoyi, gwamnatin jiha ta sanar da ɓullar kwalara a farkon Oktoba. A irin waɗannan lokuta ma'aikatan lafiya kan zauna a bakin burtsatse da sirinji, suna ɗiga damammen HTH a kowace jarka, awon kuma yakan fi na kullum, don haka wari yake fitowa fili. Wanda ya guji wannan jarka ya koma rijiyar da ambaliya ta taɓa saboda kokwanton alwala ya riƙe babi ɗaya ya saki wani, domin hana cutar da kai da cutar da wani shi ma hukuncin shari'a ne, kuma mai alwala yana kurkure baki da ruwan da ya ɗiba. Haka nan taimama ba ta inganta ga mai irin wannan ruwa a gabansa, tunda sharaɗinta rashin ruwa ne ko rashin ikon amfani da shi. Bayan an ɗiga maganin ana jiran minti 30 kafin a sha, warin kuma yakan ragu da kansa in ruwan ya kwana a randa mai murfi.