Shekara Arba'in Ba Ta Son Kiɗa

'Yan uwana mata, akwai wata al'ada da ta shigo mana wadda iyayenmu ba su san ta ba, wato bikin ranar haihuwa, abin da 'yan zamani ke kira bazde. Da a birni ake jin labarinsa, yanzu har nan Taura sai ki ga an ɗinka sabon leshi, an sayo kek, an ɗauki hotuna an watsa a waya. Kakanninmu kuwa ko ranar ba su riƙe ba. Sai dai a ce wance an haife ta shekarar fari, ko shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira a 1973, ko shekarar da aka ba mu jihar Jigawa a 1991.

Ni da nake dab da cika arba'in na yanke shawarar ba kiɗa, ba anko, ba taro. In Allah Ya kai ni zan dafa abinci in raba wa maƙwabta da almajirai, in je in gaida mahaifiyata, don ita ta sha wuyar ranar, sannan in shige ɗaki in yi wa kaina lissafi.

Arba'in fa ba ƙaramar shekara ba ce. A cikinta aka aiko Manzon Allah (SAW), kuma malaman tarihi sun ce Nana Khadija tana da arba'in ya aure ta. Cikin Suratul Ahƙaf ma an ambaci wannan shekara tare da godiyar Allah da nema wa zuriya shiriya. Ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tana tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata har cikin tsufanta. To don me mu muke ɓoye shekarunmu kamar kayan sata? Mace ta ga furfura ɗaya sai hankalinta ya tashi, ta rage shekara biyar, wai kada maigida ya hango yarinya. Haba 'yar uwa, ai wanda zai yi miki kishiya ba takardar haihuwarki zai duba ba.

Ga lissafin da nake nufi. Ma'aikacin gwamnati in ya cika shekara 60, ko ya yi 35 yana aiki, akwai fanshon da yake sa rai. Ke matar gida wa ya yanka miki fansho? Ranar da maigida ya kwanta dama, bayan takabar wata huɗu da kwana goma, rabonki tumuni ne in akwai 'ya'ya, kashi ɗaya cikin takwas, kuma ko ku huɗu ne shi za ku raba. 'Ya'yan da kike taƙama da su kowa na fama da nasa gidan. Saboda haka kuɗin kek da leshi ki sayi akuya da su a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ko ki ja jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ki shiga adashi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Sai lafiya. Hawan jini da ciwon suga ba sa sallama, ki je a auna ki tun kina jin ƙarfinki. Sai karatu. Islamiyyar matan aure ba ta kori kowa ba, kuma tsohuwar da ke iya buɗe Alƙur'ani ba ta zama cikin kaɗaici. Na ƙarshe shi ne ya fi nauyi, wato zama da mutane. Yadda kika riƙe uwar mijinki, matar ɗanki za ta ji labari. Ɗan kishiyar da kika hana tuwo, wataƙila shi ne zai ɗauke ki zuwa asibiti wata rana.

Na san wata za ta ce rai dai guda ne, a bar mu mu sha iska. Gaskiya ne, farin ciki ba laifi ba ne, ni ma ina son in yi kwalliya in ji daɗi. Sai dai mu nan ba mu manta da Majiya ba. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu, da yawansu samari ne da ba su ko kusanci arba'in ba. Tun daga ranar nake ganin furfura kyauta ce da ba kowa ake ba wa ba, kuma wanda aka yi wa irin wannan kyauta godiya ce ta kamace shi, da hannu biyu, cikin natsuwa.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu tsufa mai albarka da mutunci, Ya sa mu cika da imani. Amin.